Yanda muka je ganin orangutan a Sabah da fasfon Najeriya

Tun da muka dawo daga Sabah, jihar Malesiya da ke tsibirin Borneo, 'yan uwa ɗalibai da ke nan Malesiya suke ta yi min tambaya iri ɗaya, ya aka yi kuka je, nawa kuka kashe, ba a baku matsala da fasfon Najeriya ba, sai kuma wadda tafi kowacce yawa, wai ana barin mutum ya ɗauki jaririn orangutan ya yi hoto da shi? To shine na ce bari in zauna in rubuta komai daki-daki, don ni lokacin da na tashi neman bayani duk abinda na samu Turawa ne suka rubuta wa 'yan uwansu, su kuma basu san wahalar biza ba, basu san zancen fasfo yana hannun makaranta ba, ba ruwansu da inda za a ci halal ko lokacin Juma'a. Ni da uwargida da 'yarmu 'yar shekara shida muka je a hutun ƙarshen zango. Kuɗaɗen da zan faɗa na lokacin da muka je ne, dan Allah kafin ku tashi ku sake tambaya.

Ga wanda bai san dabbar ba, orangutan babban biri ne mai jan gashi, dangin su gwaggon biri amma shi ba a Afirka yake ba, duk duniya a tsibirai biyu kaɗai yake rayuwa a daji, Borneo da Sumatra. Kala uku ne. Na Borneo ana ƙiyasta sun ɗan haura 100,000, na Sumatra wajen 14,000, sai na Tapanuli wanda sai a 2017 masana suka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, su basu ma kai 800 ba. Dukkansu suna cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Mu abinda ya ja hankalinmu bidiyoyin nan ne da ke yawo a waya, a ga jariri sanye da famfas ana bashi madara a fida, ko an loda su a baro ana turawa, 'yata ta kalla ta kalla har ta haddace, kullum maganarta Abba yaushe za ka kai ni in goya shi. Ni ma a raina haka na ɗauka abun yake, ka biya kuɗi a miƙo maka.

Matakin farko da na bi shine neman aikin sa kai. Na ga talla cewa ana ɗaukar mutane su yi sati biyu ko wata guda suna taimakawa a cibiyoyin kula da su, na tura imel wa wata ƙungiya da ke shirya irin wannan, basu ɗau lokaci ba suka amso da takardu masu yawa. A nan na fara gane ba haka abun yake ba. Na ɗaya kai za ka biya su, kuma kuɗin ya haura fam dubu na Ingila banda tikitin jirgi, wanda ga ɗalibin da ke jiran alawus ba ƙaramin abu bane. Na biyu sai ka kawo sakamakon gwajin tarin fuka da na ciwon hanta daga asibiti. Na uku kuma, wanda suka rubuta shi ɓaro-ɓaro, ba za ka taɓa orangutan ba ko da ɗan yatsa, aikinka wanke keji ne, gyaran katako, yanka 'ya'yan itace, ɗaure abinci cikin ganye ko buhu don dabbar ta sha wahalar kwancewa kada zaman banza ya dame ta. Gaskiya raina ya ɗan sosu, na mayar da amsa ina tambayar dalili, matar da ke amsa saƙon ta yi min bayani mai tsawo cikin mutunci. Ta ce jikinsu da namu sun yi kusa sosai, wajen kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin gado iri ɗaya ne, saboda haka cutar da ke kama mu tana kama su, tarin fuka, ciwon hanta, har murar da mu za mu sha Panadol mu wuce su tana iya sauka musu a huhu. Sannan wanda ya saba da hannun mutane ba ya komawa daji lafiya, zai dinga biyo mutane har gona, a can kuma adda ko bindiga ke jiransa. Nasan akwai wanda zai karanta nan ya ce to Malam kana nufin daga biri muka fito? Ba wannan zancen na kawo ba, abinda na ce shine kamannin jiki ya kai matsayin da atishawarka za ta iya kwantar da shi, kuma wannan likitocin dabbobi sun gani da idonsu.

Da aikin sa kai ya faskara sai na koma tunanin Indonesiya, don a can gandun dajin Tanjung Puting yake, inda masaniyar nan Biruté Galdikas ta kafa sansanin bincike na Camp Leakey a 1971 ta share shekaru tana bin su a daji, ana shiga ne a jirgin ruwa na katako a kwana a ciki. Abokan karatuna 'yan wasu ƙasashe suka ce ai sauka kawai za ka yi a buga maka biza a filin jirgi. Su kenan. Mu Najeriya a lokacin tana cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya ta ware wa wani tsari daban da ake kira calling visa, sai ka samu wanda zai tsaya maka a can cikin ƙasar, shi zai shigar da takardunka ofishin shige da fice na Jakarta, a zauna a duba kafin a ce eh ko a'a, kuma ba abu bane na kwana biyu. Ni bani da kowa a can, hutun kuma gajere ne, a nan na ajiye zancen. Duk mai fasfo irin namu da ke son zuwa Kalimantan, wato ɓangaren Indonesiya na Borneo, ko Sumatra ya fara da wannan kafin ya sayi tikiti, kada ya bi maganar abokin da fasfonsa ba irin nasa bane.

Sai ya rage ɓangaren Malesiya na Borneo, wato Sabah da Sarawak. Nan ma akwai abinda da yawanmu bamu sani ba. Duk da ƙasa ɗaya ce, tun yarjejeniyar 1963 da ta haɗa Malesiya jihohin nan biyu suke riƙe da ikon shige da ficensu, ko ɗan Kuala Lumpur ne ya sauka sai an duba shi, balle kai baƙo. Na je ofishin ɗaliban waje na makarantarmu, na zauna layi, da aka zo kaina matar ta fara tambayata yaushe bizar karatuna za ta ƙare. Ashe nan gizo ke saƙa. In lokacin sabuntawa ya gabato fasfonka zai tafi ta hannun makaranta da EMGS, hukumar da ke kula da takardun bizar ɗaliban waje, zuwa imigireshin, yana iya yin makonni, kuma katin shaidar baƙi da ake kira i-Kad ko fotokwafi ba za su tsaya a madadinsa ba a wannan tafiyar. Namu ya rage 'yan watanni, ta ce mu je mu dawo kafin a karɓa. Na roƙi takardar shaidar cewa ni ɗalibi ne mai rajista, aka ce in dawo bayan kwana biyu, na dawo na karɓa kyauta. Na haɗa da kwafin takardar aure da ta haihuwar yarinya tunda su bizarsu a ƙarƙashin tawa take.

Tikiti na saya na AirAsia daga filin jirgin KLIA2 na Kuala Lumpur kai tsaye zuwa garin Sandakan da ke Sabah, tafiyar ta kusa awa uku, zuwa da dawowa ya kama mu ringgit, kuɗin Malesiya, ɗari huɗu da wani abu kowane mutum da jaka ɗaya a ƙasa. Akwai masu sauka Kota Kinabalu, babban birnin Sabah, su hau bas, amma wannan hanyar awa shida zuwa bakwai ce ta cikin duwatsu, da yarinya ban ga dalili ba. Da muka sauka Sandakan sai ga layin imigireshin kamar ka shigo wata ƙasa. Gabana ya ɗan faɗi, duk wanda ke yawo da koren fasfo ya san wannan faɗuwar gaban. Jami'in ya buɗe shafin biza, ya tambayi me ya kawo mu, ina za mu sauka, yaushe za mu koma, na nuna masa tikitin dawowa da shaidar kama ɗaki a waya, na miƙa takardar makaranta ya duba sama-sama, ya buga hatimi ya ce selamat datang, wato barka da zuwa. Minti kaɗan ne, amma na ji daɗin da komai yana hannuna ba sai na tsaya lalube ba. Daga nan Grab muka kira, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, minti ashirin ya kai mu Sepilok inda cibiyar kula da orangutan take, 'yan gari suna ce wa wajen Batu 14 saboda mil goma sha huɗu ne daga cikin Sandakan. Mun kama ɗaki a wani ƙaramin masauki da za a iya takawa da ƙafa zuwa cibiyar. Ku sani baƙo yana biyan harajin yawon buɗe ido ringgit 10 kowane dare a kan kuɗin ɗaki, a hannu ake karɓa. Abinci kuma ku tambaya, Sandakan gari ne mai Sinawa da yawa, ba kowane gidan abinci ne na halal ba, amma na Musulmi ma suna nan birjik.

Washegari da muka yi niyyar shiga sai yarinya ta tashi da mura, sanyin jirgi ne ya kama ta, hanci na zuba tana atishawa. Mai masaukin, wani dattijo, ya gan mu a wajen karin kumallo ya ce ɗan uwa, in da hali ku bari ta warware, can ciki ba a son mai mura. Uwargida ta dube ni ta ce Abban Hanifa kuɗin ɗaki fa ƙaruwa zai yi. Na tuna bayanin matar nan ta imel, na ce mu haƙura. Yarinya ta yi kuka sosai ranar, ni kaina sai da na ji ba daɗi, muka lallashe ta muka kai ta Rainforest Discovery Centre da ke kusa inda ake tafiya a kan gada ta saman bishiyoyi ana kallon tsuntsaye. Da ta samu sauƙi muka shiga, dukkanmu da takunkumi a fuska.

Cibiyar Sepilok an buɗe ta a 1964, hukumar kula da namun daji ta Sabah ke tafiyar da ita, tana bakin wani gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita 43 wanda ba katanga tsakaninsa da wajen ciyarwa. Ana ciyarwa sau biyu, ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma, ana rufewa da rana a sake buɗewa ƙarfe 2, ran Juma'a kuma da wuri ake rufe na safe saboda masallaci. Mun isa kafin tara muka tarar da layi, motocin 'yan yawon buɗe ido sun riga sun sauke mutane. Babba baƙo ringgit 30, yaro 15, kyamara 10, farashin 'yan ƙasa mai sauƙin nan na masu MyKad ne, katin ɗalibi bai sa an rage mana ba. In kuwa irin babbar kyamarar ƙwararru ce mai dogon baki kuɗinta ya kai ringgit 1,000. Tikitin na yini guda ne, da shi za ka dawo na yamma, kada ka yar. Ku riƙe tsabar kuɗi. Bayan tikiti sai wajen loka, nan ake ajiye jaka, ruwa, abinci, har maganin sauro, ba a shiga da komai sai waya da kyamara. Uwargida ta so ta riƙe 'yar jakarta, ma'aikaciyar ta ce 'yar uwa, in orangutan ya fizge ba mai iya ƙwacewa, kuma duk abinda ke ciki bakinsa zai kai. Maganin sauro a shafa tun a masauki. Akwai ɗakin da ake nuna ɗan gajeren bidiyo kan aikin cibiyar, mutane da yawa suna tsallake shi suna gudu su kama waje, ni dai ina ba da shawarar a zauna a kalla, shi ya sa na fahimci abinda na gani daga baya.

Daga nan aka bi gadar katako cikin daji, zafi da gumi ba a magana, riga ta jiƙe sharkaf kafin mu yi nisa. Farko muka je wajen renon matasa. Gini ne mai gilashi, kai kana ciki a zaune a kan benci su suna waje, ɗaki ɗaya ma harda na'urar sanyi. Ta gilashin kake ganin yara 'yan shekara biyar shida suna lilo a igiya, wani ya rataye da ƙafa ɗaya kai a ƙasa yana ɓare ayaba, wani ya sauko ƙasa sai ma'aikaci mai takunkumi da safar hannu ya kama hannunsa ya mayar da shi kan igiya, don a daji ƙasa ba wajen zamansu bane. 'Yata ta manna fuska a gilashi ta ce Abba ina mamansu? Wallahi sai da na rasa amsa na ɗan lokaci. Marayu ne. Uwar orangutan ba ta sakin ɗanta, shekarun farko a jikinta yake manne dare da rana kamar goyon da ba zani, duk jaririn da ka gani a hannun mutum to kusan kullum sai da aka kashe uwar ko ta mutu kafin a ɗauke shi. Wasu an tsinto su ne a gonakin kwakwar manja, wasu an ƙwato su a gidajen da aka ajiye su a keji duk da dokar Sabah ta 1997 ta haramta hakan. In aka kawo su sai an killace su an yi musu gwaje-gwaje, jarirai ƙanana suna wani ɓangare da baƙi ba sa zuwa sam, sannan a haɗa ƙarami da wanda ya girme shi ya koyi hawa da neman abinci da yin sheƙa, abinda uwa ke koyarwa cikin shekara bakwai zuwa takwas. A nan bidiyoyin famfas da fida suka canza min kama gaba ɗaya, na tuna sau nawa na tura su a guruf ina dariya.

Ƙarfe goma saura muka ƙarasa dandalin ciyarwa. Wani dakali ne na katako a jikin bishiya, nesa da inda mutane ke tsayawa, igiyoyi sun taho masa daga cikin daji. Ma'aikaci ya hau da kwando a baya ya zube ayaba da rake da gwanda ya koma gefe ya zauna bai ce uffan ba. Aka yi shiru ana jira. Ƙananan birai masu gajeren bindi suka riga kowa, suka yi ta wawaso. Minti goma, sha biyar, ba labari, wasu har sun fara gunaguni suna duba agogo. Can sai igiya ta fara rawa tun ba a ga kowa ba, sai ga ta ta taho a hankali hannu bi hannu, uwa ce da ɗa a kwiɓinta. Ba ta kalle mu ba ma. Ta zauna ta juya mana baya, ta ɗauki rake tana tauna, ɗan ya miƙa hannu bakinta yana karɓar wanda ta tauna. Abinda ya tsaya min a rai hannunta ne, yatsu da farce da layin tafi, da yanda ta sa tafin ta tallabe ƙeyar ɗan lokacin da wani biri ya matso. Uwargida sai Subhanallah take ta maimaitawa a hankali. Ba ta fi minti goma ba ta cika baki da ayaba, ta riƙe wasu da ƙafa, ta koma inda ta fito.

Da yamma muka dawo da tikitinmu, mutane sun ragu sosai, amma ko ɗaya bai zo ba. Na samu wani ma'aikaci a bakin gada na ce malam, yau lafiya? Ya yi murmushi ya ce su a wajensu wannan labari ne mai daɗi, in basu zo ba to sun samu abinci a daji da kansu, musamman lokacin da itatuwa suka yi 'ya'ya. Ya ce da gangan ake basu abinci kala ɗaya kullum don ya gundure su su tafi nema. Na jima ina juya maganar nan. Duk tsarin wajen, gilashin, lokar, nisan dakalin, abincin da ba daɗi, an yi shi ne don dabbar ta daina buƙatar mutum, mu kuma mun biyo jirgi mun zo ne muna son ta matso kusa. A ganina su ke da gaskiya, kuma duk wanda zai je gara ya san haka tun daga gida don kada ya fito yana cewa an cuce shi. Tsallaken titi akwai cibiyar beyar rana, ƙaramar beyar Borneo, tikitinta daban, ta cancanci awa guda.

Kashi na biyu na tafiyar shine kogin Kinabatangan, don ina son ganin wanda ba a taɓa riƙe shi a hannu ba. A masaukinmu muka yi ciniki da masu shirya tafiyar, kwana biyu da mota da abinci da yawon jirgin ruwa safe da yamma, farashin yana farawa daga wajen ringgit ɗari huɗu zuwa biyar kowane mutum a masauki mai sauƙi, masu tsada kuma ba iyaka. Ku tambaya ko kuɗin ya haɗa da ɗauko ku da dawo da ku, ku kuma faɗa musu tun farko in akwai yaro saboda rigar ruwa daidai shi. Mota ta ɗauke mu zuwa ƙauyen Sukau, awa biyu da wani abu. Wannan hanyar ita ce ta fi komai yi min bayani. Tun da muka bar Sepilok har muka kusa kogi ba abinda ido ke gani sai kwakwar manja, layi-layi, hagu da dama, kan tudu da cikin kwari, manyan motoci cike da nonnan kwakwa suna wuce mu. Sabah kaɗai tana da wajen hekta miliyan ɗaya da rabi na wannan bishiya, Malesiya da Indonesiya su ke fitar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya. Kuma bishiyar tamu ce, asalinta Afirka ta Yamma. A gida ana yawan cewa wai a shekarun 1960 suka zo Najeriya suka ɗebi iri, amma tun 1848 aka shuka ta a lambun Bogor da ke Java, gonar kasuwanci ta farko a Malaya, ɓangaren Malesiya na yamma a yanzu, kuma 1917 ce a Selangor, zuwan da suka yi Najeriya daga baya na ɗibar iri ne don bincike. Ni ban ce manja haram bane, direbanmu ma mahaifinsa 'yar gonar kwakwa gare shi da ita ya yi musu makaranta. Amma wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta Borneo ta rasa orangutan sama da 100,000 tsakanin 1999 da 2015, ta sare daji da kuma kisa kai tsaye, ita kuma macen sai bayan shekara bakwai ko takwas take sake haihuwa, ɗa ɗaya tal, to ta ina za a cike giɓin. Wanda ya zauna nan Malesiya a 2015 ko 2019 ya tuna jerebu, hayaƙin da ya sa aka rufe makarantu, to wani ɓangare na dajin da ke ci da wuta a lokacin gidansu ne.

Mutanen Sukau 'yan ƙabilar Orang Sungai ne, Musulmi, akwai masallaci a ƙauyen, sallah da abinci ba matsala. Jirgin safe ƙarfe shida yake tashi cikin hazo, na yamma wajen huɗu. Dajin da ya rage a bakin kogin siriri ne, a wasu wuraren kana hango kwakwa ta bayan bishiyoyi, shi ya sa ma dabbobin suke da sauƙin gani, an matse su ne waje ɗaya. Mun ga birai masu dogon hanci, kada, tsuntsaye irin su cilakowa amma manya. Mai jirgin ya nuna mana igiyoyi da aka ɗaure daga bishiya zuwa bishiya a saman wani ƙaramin rafi, ya ce orangutan ba ya iyo, da can ta rassan manyan itatuwa yake tsallakawa, da aka sare su sai aka raba dangi gida biyu, shine ƙungiyar HUTAN da ke aiki a nan tun 1998 da abokan aikinta suka ɗaura waɗannan, wasu ma da tsofaffin mesar 'yan kwana-kwana aka yi su. Fitarmu ta farko da ta biyu bamu ga orangutan ba sai tsofaffin sheƙoƙi a sama, don kusan kullum sabuwa suke yi su kwana. Sai a yammacin ƙarshe mai jirgin ya kashe inji ya nuna wata bishiyar ɓaure. Da ƙyar na gano shi, wani jan abu can ƙololuwa, namiji ne matashi yana cin ɓaure, sai da aka miƙo min madubin hangen nesa na ga fuskarsa. Muna nan har ya fara lanƙwaso rassa yana tattake su ƙarƙashinsa, cikin 'yan mintuna ya gama shimfiɗa ya kwanta. Hoton da na ɗauka a waya ba wanda zai gane me ke ciki, amma duk tafiyar nan ba inda na ji natsuwa irin wajen.

To ga wanda zai je, fara da fasfo, ka tabbata yana hannunka kuma bizarka da sauran kwana, ka riƙe takardar makaranta da tikitin dawowa da shaidar masauki. Ka ba kanka rarar kwana ɗaya a Sepilok saboda ruwan sama ko rashin lafiya ko ranar da basu fito ba, ka je na safe da na yamma duka tunda tikiti ɗaya ne. Mai mura ko tari ya haƙura har ya warke, wannan ba wasa bane. In ɗaya ya sauko kan gadar da kuke tafiya, wanda yana faruwa, ka ja baya ka bi umarnin ma'aikata, kada ka miƙa hannu, ƙarfinsa ya ninka naka. Yara a yi musu bayani tun a gida cewa kallo za a je ba ɗauka ba, da mun yi wa tamu bayanin marayun da kanta ta daina zancen goyo. In za ku shiga daji da ƙafa a Kinabatangan ku sayi safar matsattsaku, ana sayarwa a can.

Sai abu ɗaya da nake roƙon 'yan uwa. A yankin nan akwai wuraren shaƙatawa da za a sa wa orangutan riga ya rungume ka a ɗauke ku hoto, wasu har dambe ake sa su yi, na ga 'yan uwanmu suna ɗora irin hotunan nan da murna. A 2006 sai da aka mayar da guda 48 daga Thailand zuwa Indonesiya bayan an gano satarsu aka yi aka kai su irin wannan wasa. Kuɗin hoton nan shi ke sa a koma daji a harbe wata uwar. Haka ɗan birin da ake tallansa a bakin titi a gida da igiya a ƙugu, ta wannan hanyar ya zo, mu ma muna da namu manyan biran a dajin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa da ke fuskantar irin wannan. In kana son taimakawa da ɗan abinda kake da shi, a Sepilok akwai teburin Orangutan Appeal UK inda ake ɗaukar nauyin maraya ɗaya na shekara a dinga turo maka labarinsa.

Wanda kuma Sandakan ta yi masa nisa ko tsada, akwai Semenggoh kusa da Kuching a Sarawak, jirgi daga Kuala Lumpur bai kai awa biyu ba, can ma ana ciyarwa safe da yamma, ƙarfe 9 da ƙarfe 3. Sai dai Sarawak nata imigireshin daban ne da na Sabah, kafin ka sayi tikiti ka leƙa ofishin ɗaliban waje na makarantarku da fasfonka a hannu su duba maka abinda aka rubuta a jikin bizarka.